Malmalar tuwon da ake ajiye wa wanda bai dawo ba

Kwanakin baya wata ƙanwata ta turo min labarin da take rubutawa, wai na soyayya ne amma na tarihi, ta ɗora shi a shekarar da Turawa suka ci Sakkwato. Na zauna na cinye babi uku a zama ɗaya dan gaskiya yarinyar ta iya jan zare, har na iso inda mijin zai bi Sarkin Musulmi hijira, sai ga matar ta faɗa ƙirjinsa tana kuka tana kiran sunansa gatsal, ƙamshin turaren feshinsa na dukan hancinta, shi kuma ya tallabo fuskarta yana cewa ke ce bugun zuciyata, ba ni minti biyar in sallami Inna in dawo. Nan fa na ajiye wayar na yi dariya har da riƙe ciki. Minti biyar a 1903, da wane agogon? Mutumin da lokacinsa hantsi ne da walaha da azahar da almuru. Na kira ta na ce ƙanwata wannan mijin naki ai ɗan jami'a ne kika naɗa wa rawani. Ta ce to Yaya ya zan yi, so ai so ne, ko mutanen da ba su da zuciya ne?

Tambayar tata ba ta banza ba ce, tun ranar take min yawo a ka, shi ya sa na ce bari in zauna in warware abun yadda na fahimce shi, ko zai yi wa wani mai irin wannan rubutun amfani.

Mu fara da abun da tarihi ya damƙa mana a hannu. Kano ta faɗi ranar 3 ga Fabrairu 1903, Sarki Alu ba ya gari ya tafi Sakkwato, a hanyar dawowa aka yi karon Kwatarkwashi inda Waziri Ahmadu ya kwanta dama, shi kuma Alu daga baya aka kama shi, ƙarshenta a Lakwaja ya rasu a 1926. Ranar 15 ga Maris aka gwabza a filin Giginya, Sakkwato ta faɗi, Sarkin Musulmi Attahiru ya fita ya fuskanci gabas da niyyar hijira, Waziri Buhari ya zauna da sauran jama'a ya yi sulhu da Nasara har ya rubuta hujjarsa ta yin hakan. Ranar 27 ga Yuli aka yi na ƙarshe a Burmi, can ƙasar Gombe ta yanzu, Attahiru ya yi shahada tare da ɗaruruwan mutane, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar suka ci gaba har Sudan, suka kafa gari a bakin kogin Nilu kusa da Sinnar wanda har gobe sunansa yake amsawa.

To ka duba duka sunayen nan, na manya ne. Alhali rahotannin Turawan kansu sun nuna ba sarakai da malamai kaɗai suka bi Attahiru ba, talakawa ne suka yi ta barin garuruwa suna shiga ayarin, manoma da masu sana'a da bayi da mata da goyo, kuma daidai lokacin da ya kamata a ce ana sharar gona ana jiran ruwan shuka. Manomin da zai bar gonarsa a bakin damina ka san abun da ke cikinsa ya fi ƙarfin wasa. Wa ya rubuta sunan matar da naƙuda ta kama a hanya tsakanin Gusau da Misau? Wa ya rubuta tsohon da ƙafarsa ta gaza aka jingina shi a gindin tsamiya da ɗan goran ruwa aka ce za a dawo? Babu. A wannan ramin ƙagaggen labarin tarihi yake zaune, kuma shi ne kaɗai hujjar yin sa, in ba haka ba ai sai mutum ya je ya karanta littafin tarihin kawai ya huta. Marubucin tarihi yana da haƙƙin ya ce ban samu a rubuce ba dan haka na yi shiru. Mai ƙirƙira shi kuma daga inda wancan ya yi shiru yake ɗauka.

Amma fa cike ramin ba yana nufin ka zuba duk abun da ka ga dama ba. A nan ne maganar ƙanwata ta so ai so ne take da gaskiya rabi. Faɗuwar gaba ɗaya ce, wacce ta ji ta a 1903 da wacce ta ji ta jiya da aka ce motar mijinta ta yi hatsari a hanyar Zariya. Abun da ya bambanta shi ne ƙofar da aka yarda wannan abun ya fito ta cikinta. Mace ba ta faɗar sunan mijinta, sai Malam ko maigida ko shi. Ba ta faɗar sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, wata ma ko kallonsa ba ta yi sosai, kuma da an yaye shi kaka ko gwaggo ta ɗauke. Miji ba ya cin abinci da matarsa, ba ya zama hira a ɗakinta da rana tsaka uwarsa na tsakar gida. Wanda bai san mu ba sai ya ce ai babu ƙauna a nan, kuma abun haushi yanzu 'ya'yanmu ma haka suke karanta shi.

Akwai wata gwaggon babanmu da na taso na tarar a gidanmu, ta tsufa tukuf, haƙoranta sun zube sai goro da ake daka mata a ɗan turmi. Ɗanta na fari yana cikin waɗanda aka ɗiba soja lokacin yaƙin duniya na biyu, irin waɗanda aka loda a jirgin ruwa aka kai Indiya daga nan Bama, runduna ta 81 da ta 82 da aka tara daga Afirka ta Yamma. An gama yaƙi a 1945, 'yan uwansa suka yi ta dawowa da kaki da akwatin ƙarfe da labarai, shi shiru. Wani ya ce zazzaɓi ya kashe shi a daji, wani ya rantse ya gan shi a Ikko, wato Legas, bayan an sallame su. Ni dai tunda na yi wayo ban taɓa jin ta ambaci sunansa ba, ko sau ɗaya, ɗan fari ne ai. Amma kullum da daddare in an kwashe tuwo sai ta ce a ƙara mata malmala ɗaya, ta sa a wani tsohon akushi baƙi da ya tsage a baki aka ɗinke da waya, ta rufe da faifai ta tura ƙarƙashin gado. In an tambaya ta ce ko baƙo zai zo. Da safe a ɗumama a ba almajiri. Mu yara muna ganin rikicin tsufa ne, har tsokanarta muke muna cewa Gwaggo baƙonki bai zo ba, ta ce yana hanya. Sai da na girma Innarmu ta faɗa min ko wane ne baƙon. Shekara arba'in da wani abu tana wannan.

Yanzu ka ɗauki wannan ka ajiye kusa da shafi goma na kuka da sumbatu da suma da yayyafa ruwa, ka ga wanne zai hana ka barci.

Sai dai kar kuma a zarce, dan na ga wasu in sun gane wannan sai su mayar da mutanen da gumaka, kowa shiru kowa haƙuri, kamar ba jini a jikinsu. Ƙarya ne. Kunya tana da wuraren da take sauke kaya. Mace da ba za ta iya ce wa miji uffan ba, in ta durƙusa kan dutsen niƙa sai ta zage shi tas a cikin waƙa, ta haɗa da kishiya da uwar miji, kuma duk gidan suna ji ba mai cewa komai tunda waƙa ce. Akwai dandali da kalangu inda budurwa take wasa saurayinta a bainar jama'a. Akwai ƙawa wadda ake ƙulla ƙawance da ita da kyauta da biki, ita ce rumbun sirri. Akwai kaka da ake wasa da ita a faɗa mata abun da ba a isa a faɗa wa uwa ba. Akwai tsohuwa mai kai saƙo, akwai 'yar talla da ake ba goro ta kai wa wance. Akwai yaji, akwai guduwa daga auren da ba a so har sai an gaji an raba, kuma zawarci ba baƙon abu ba ne a wancan zamanin, mata da yawa sun yi aure biyu uku huɗu. Aikin marubuci ya san taswirar gidan, ya san a wane lungu ake kuka a wane lungu ake haɗiyewa. In jarumarka za ta fashe, kai ta bakin rijiya ko ɗakin ƙawarta ko kan dutsen niƙa, kar ka kai ta ƙirjin miji a tsakar gida surukarta na kaɗi a gefe.

Kuma masu ilimi ma sun yi kukansu a rubuce. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta bar marsiyyoyi da dama, ta yi wa ɗan'uwanta Muhammadu Bello da ya rasu a 1837, ta yi wa mijinta Waziri Giɗaɗo, ta yi wa aminiyarta A'isha. Mace malama, 'yar babban gida, a tsakiyar ƙarni na 19, ta zauna ta tsara baitoci kan kewa da kaɗaici da hawaye ba ta ga hakan ya taɓa imaninta ba. Wanda duk zai rubuta baƙin cikin mutanen wancan lokaci ya kamata ya leƙa irin waɗannan ya ji kalar harshen, yadda ake jero halayen kirkin mamaci, yadda ake kai kuka ga Allah, yadda rashin mutum ɗaya yake tuno da duk waɗanda suka riga shi. Haka kalmar bege, mu yanzu mun mayar da ita ta saurayi da budurwa, amma a bakin mutanen da mafi yawan nauyinta na begen Annabi ne, kuma wannan begen na gabas yana cikin abun da ya ja ƙafar mutane suka bi ayarin Attahiru. In ba ka fahimci cewa mutum zai iya son Madina da bai taɓa gani ba har ya bar matar da yake so ba, to ba za ka iya rubuta mijin nan ba, za ka mayar da shi ko mugu ko wawa.

Hausa ma ai ba ta rasa kalmomi ba, mu ne muka yi arha da su. So daban, ƙauna daban, shaƙuwa daban, sabo daban, kewa daban. Auren zumunci da aka ɗaura ba a tambayi kowa ba, shekara ashirin baya sai ka tarar in ɗaya ya yi tafiya ɗayan ba ya iya cin tuwo, wannan ba soyayyar zance ba ce kuma bai kamata a rubuta shi da kalmominta ba. Shi ya sa ake cewa sabo ake yi wa kuka. Sannan jikin Bahaushe ba a zuciya kaɗai yake jin abu ba, ciki ne yake baƙi ko fari, gaba ce take faɗuwa, hanta ce take kaɗawa, jiki ya yi sanyi, gwiwa ta sage, baki ya mutu. Duk wannan yana nan kyauta amma sai ka ga an tsallake an je an aro bugun zuciya.

Yanzu ga inda ni a ganina abun ya fi nauyi, kuma inda marubutanmu suka fi sakaci. Rashi iri biyu ne. Akwai mutuwa, ita tana da tsari, a yi wanka a yi sutura a kai, a zauna karɓar gaisuwa, a yi sadakar uku da bakwai da arba'in, mace ta shiga takaba wata huɗu da kwana goma ta fito, a raba gado. Mai zafi ce amma tana da bakin zare, jama'a sun san me za su ce maka kai ma ka san me za ka amsa. Sai kuma ɓata, wanda ba gawa ba kabari ba labari, kuma shi ne ainihin ciwon wancan zamanin. Mu da muke zaune da waya a hannu, in mutum bai ɗaga kira biyu ba hankali ya tashi, da wuya mu gane duniyar da falke zai bi madugu zuwa Gwanja sarin goro a yi watanni ba a ji ɗuriyarsa ba kuma hakan ba komai ba ne, mai niyyar hajji a ƙafa ya yi shekaru yana tafe yana yada zango yana noma yana ƙara gaba, wani ya dawo da furfura wani ya yi aure a Sudan ya zauna. Yaushe za ki fara kuka? Wace rana ce ranar da ya mutu? Ba ki da ikon yin takaba dan ba a ce ya mutu ba, ba ki da ikon yin kwalliya dan ba a ce yana raye ba.

Har fiƙihu sai da ya yi wa wannan babi. A mazhabar Malikiyya da alƙalanmu suke bi, matar wanda ya ɓace a ƙasar Musulmi in ta kai ƙara aka bincika ba a same shi ba, ana yanka mata shekara huɗu, in sun cika ta yi idda irin ta mutuwa sannan ta iya aure. To dan Allah ka tsaya ka kalli wannan da idon mai ba da labari. Ranar da za ta tashi ta je gaban alƙali, ita da kanta, ta ce a fara ƙirga mata, me uwar mijin za ta ce? Wa zai raka ta? In shekara huɗun ta cika ta yi auren ta haihu, sai wata rana da la'asar aka yi sallama a zaure da muryar da ta sani fa? Ba ka buƙatar aljani ko boka ko makircin kishiya, shari'ar kanta ta ba ka labari.

Ga kuma bauta, wadda ita ce babbar injin raba mutane a ƙarni na 19, hari ɗaya a ƙauye da asuba an watsa gida, uwa ta yi kudu ɗa ya yi arewa. Ba mamaki da aka yi gasar rubutun 1933 a Zariya ƙarƙashin Baturen nan Rupert East, labarin da Abubakar Tafawa Ɓalewa ya shigar, Shaihu Umar, a kan wannan ya tsaya, kuma abun lura soyayyar da ta riƙe littafin ba ta saurayi da budurwa ba ce, ta uwa ce da ta fita neman ɗanta har ita ma ta faɗa hannun masu sayar da mutane aka ƙetara da ita hamada, ta gan shi bayan shekaru, ba ta daɗe ba ta cika. Mutumin da ya rubuta wannan ya taso cikin waɗanda suka ga abun da idonsu, ya san wace igiya ce in an ja kowa zai ji. Mu kuma yanzu da an ce labarin so sai a nemo kyakkyawa da kyakkyawa, an manta da uwa da ɗa, wa da ƙani, ƙawa da ƙawa, bawa da ɗan ubangidansa da suka sha nono ɗaya.

Tunda na taɓo bauta bari in faɗi wani abu da yake ci min tuwo a ƙwarya, labaran yarima da kuyanga. Ana son su sosai, ɗan sarki ya hango baiwa tana shara, ido ya faɗa cikin ido, shikenan. Ban ce shaƙuwa ba ta taɓa shiga tsakanin irin waɗannan ba, sa-ɗaka da yawa sun haifi sarakuna kuma sun yi ƙarfi a cikin gida. Amma yarinyar nan daga ina aka kawo ta? Tana da gari, tana da uwa, tana da wani suna kafin a sa mata wanda ake kiranta da shi yanzu, wataƙila da wani yare a bakinta da take mafarki da shi. Kuma ba ta da ikon cewa a'a. In ka rubuta soyayyar ka share wannan to ka yi wa yariman aiki ne kawai. Dokar Gwamna Lugga ta ce duk wanda aka haifa daga Afrilun 1901 ɗa ne, amma ba a soke bautar gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936, tsakanin nan kotunan alƙalai sun sha shari'ar fansa da murgu, wato kuɗin da bawa yake biyan ubangidansa dan a bar shi ya yi aikin kansa, har gidan 'yantattun bayi aka buɗe a Zungeru inda aka tara mata da yara da ba su san hanyar garinsu ba. Ka ba kuyangar nan rana ɗaya da za a ce mata ga hanya in kina so, sannan mu ga me za ta yi, a nan ne za mu san ko so ne ko rashin wurin zuwa, kuma wataƙila ita kanta ba ta sani ba.

Wani abun da ke ba irin wannan labari ƙarfi, kuma yake kayar da marubuci in bai yi hankali ba, shi ne mai karatu ya riga ya san ƙarshe. Mun san Burmi za ta faɗi. Mun san Nasara zai zauna har 1960. Mutanen cikin labarin ba su sani ba, kuma dole ka bar su cikin rashin saninsu. Matar da ke ɗaure kaya a watan Maris tana iya zaton kafin kaka an dawo, har ta ce wa maƙwabciya ta kula mata da kajinta. Wannan maganar kajin ita za ta karya mai karatu, saboda shi ya san babu dawowa. Amma da zarar ka sa mata magana irin ta wadda ta karanta tarihi, tana cewa daga yau daula ta rushe zamani ya juya, ka kashe ta, ta koma malamar makaranta. Haka kuma kar ka yanke wa kowa hukunci da ilimin da kai ka samu daga baya. Wanda ya tafi yana da hujja, wanda ya zauna yana da hujja, malamai ma sun rabu a kai, to ina ga miji da mata, shi yana ganin zama ƙarƙashin kafiri halaka ne ita tana kallon tsohuwar uwarta da ba ta iya taka ko zaure. Ba mugu a cikinsu, kuma labarin da ba mugu amma dole a rabu ya fi kowanne ciwo.

Su kuma manyan da tarihi ya san sunansu, ni shawarata a bar su a nesa, a hango su bisa doki ko a ji an ce sun ce. Jikokinsu na nan da rai, kuma ba ka da hurumin ƙirƙira wa Sarkin Musulmi budurwa. Ɗauki mai jan raƙumin kayansa, shi ba wanda ya rubuta shi, duk naka ne.

Da muka gama wannan doguwar muhawara da ƙanwata a waya, cajina har ya kusa ƙarewa, ta ce to Yaya naji, rubuta min yadda kai za ka yi sallamar. Na ce ni ba marubuci ba ne amma ga yadda nake ganinta. Bayan lisha ne, lokacin da ba a daka, amma ita ta jawo turmi tana dakan gero za ta yi gumba, kuma in ka kasa kunne sai ka ji ba ita kaɗai ba ce, turame ne ke amsawa daga gida gida a cikin duhu, kowa ya san gidan da ake daka gobe akwai mai tafiya, ba wanda ya tambayi wani. Ya zo ya tsaya daga bakin ƙofa ya yi gyaran murya. Ya ce a ɗaure min buzun nan da allo. Ta ce an ɗaure. Ya ce kuɗin wurin nan ɗari biyar na gidan maƙera na biya, kar wani ya zo ya ce miki komai. Ta ce to. Ya ɗan jima, ya ce in Allah ya sauke ki lafiya Inna ta san sunan da za a sa. Ba ta ɗago ba, taɓaryar ce dai ta tsaya a sama kaɗan kafin ta sauko. Ya ce ki yafe min abun da na yi miki na sani da wanda ban sani ba. Ta ce ba ka yi min komi ba Malam, Allah shi kai ku lafiya. Ya wuce ɗakin uwarsa, a can ya daɗe. Ita kuma da ta gama ta cura gumbar, ta zare munduwar hannunta guda ɗaya, wadda ita ce duk abun da ta zo da shi daga gidansu, ta tura cikin curi na tsakiya ta shafe bakin ta ɗaure a tsumma.

Ƙanwata ta yi shiru, can ta ce Yaya to ai ba su ce komai ba. Na ce eh. Ta ce kuma shi bai ma san ta sa ba. Na ce zai sani ranar da guzuri ya kai curi na tsakiya.

Jiya ta turo min babi na huɗu. Ta cire minti biyar ɗin, ta sa turamen, mijin ya gutsuri gumba a wani zango bayan Gusau haƙorinsa ya daki ƙarfe, ta bar shi zaune da abun a tafin hannu har aka kira sallah bai ji ba, wannan nata ne ba nawa ba kuma ya fi nawa. Na tambaye ta zai dawo? Ta ce ba ta yanke ba tukunna, ita ma jira take. Turaren feshin dai har yanzu yana aljihunsa, na ƙyale mata shi sai wani karon.